Yadda za ka kare taswirar cip ɗinka a gaban doka, daga teburin zane har zuwa kotu

Daga ranar da kamfaninka ya fara sayar da sabon cip, wato ɗan ɓallin lantarki da ke cikin na'urori irin su wayar hannu da kwamfuta, ko a wace ƙasa ce, doka ta fara yi maka lissafi. A Amurka da Japan da Sin da Jamus kana da shekara 2 kacal ka shigar da takardar neman rajistar taswirar cip ɗin. Idan wa'adin ya wuce ba ka yi ba, kariyar ta tafi ke nan, babu tara da za ka biya a dawo maka da ita. Injiniyoyi da yawa ba sa jin labarin wannan wa'adi sai sun ga wani cip a kasuwa mai kama da nasu sak, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kariyar cip ba takarda ɗaya ba ce. Dokoki huɗu ne ko biyar, kowace tana tsaron nata ɓangaren, kuma kowace da lokacin da ake neman ta. Wanda ya saɓa jerin, ya yi na ƙarshe kafin na farko, yakan rasa wani abu da ba ya dawowa. Shi ya sa wannan jagora ta bi aikin yadda yake tafiya a zahiri.

Mataki na farko: san abin da dokar taswira ta rufe da abin da ta bari a buɗe

Cip gini ne hawa-hawa a kan ɗan ɓallin silikon. A ƙasa akwai transistoci, wato ƙananan makunnan wuta, a samansu akwai shimfiɗun ƙarfe da ke haɗa su, tsakanin kowace shimfiɗa da 'yar uwarta kuma akwai abin da ke hana wuta tsallakawa. Kowane hawa da nasa faifan zane da ake kira maski, wanda ake haska wa haske domin hotonsa ya sauka a kan silikon. Jimillar waɗannan hotuna, wato inda kowane transista ya zauna da hanyar da kowace waya ta bi, ita ce taswirar cip. Ita ce dokar ta musamman take karewa, ita kaɗai.

Dalilin da ya sa aka yi mata dokarta daban shi ne ta faɗa tsakanin tsofaffin dokoki biyu. Dokar haƙƙin mawallafi ba ta kare abin da amfaninsa aiki ne, don haka ofishin rajistar Amurka ya ƙi karɓar taswirar cip a matsayin zanen fasaha. Dokar haƙƙin ƙirƙira, wato fatent, tana neman sabuwar dabara, alhali yawancin taswira aiki ne na jera sanannun abubuwa da gwaninta. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin Amurka suka yi ta kuka cewa suna kashe shekaru da miliyoyin daloli wajen zane, wani kuma ya ɗauki hoton kowane hawa ya kwafa cikin 'yan watanni da kuɗi kaɗan. Majalisar dokokin ƙasar ta amsa da dokar kare cip ta 1984. Dokar ta zo da sharaɗin ba-ni-in-ba-ka: ba za a kare taswirar baƙo ba sai ƙasarsa ta kare ta Ba'amurke. Nan da nan Japan ta yi tata a 1985, Ƙungiyar Tattalin Arzikin Turai, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai, ta fitar da umarninta mai lamba 87/54 a watan Disamba 1986. An ƙulla yarjejeniya a Washington a 1989 ƙarƙashin hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, WIPO, amma ba ta taɓa fara aiki ba. Abin da ya ceci ƙa'idojinta shi ne yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda a sashe na 35 zuwa 38 ta ɗauko yawancinsu ta ɗora wa ƙasashen ƙungiyar kasuwanci ta duniya, WTO, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin wa'adin kariya daga shekara 8 zuwa 10. Sin ta fara aiki da nata tsarin a watan Oktoba 2001, Indiya ta yi dokarta a 2000.

Iyakar kariyar kamar ta zanen gini take: wanda ya kwafi zanen gidanka ɗaki da ɗaki ya taɓa haƙƙinka, amma wanda ya ga gidan bene ya je ya zana nasa benen bai taɓa ba. Dokar taswira ba ta kare dabarar da'irar lantarki, ba ta kare hanyar sarrafa silikon, ba ta kare aikin da cip ɗin ke yi. Abokin gasarka na iya fitar da cip mai ƙafafu iri ɗaya da naka, mai aiki iri ɗaya, a zare naka a sa nasa, kuma bai yi laifi ba muddin shi ya zana taswirarsa. Har ma idan ya zana da kansa ta fito daidai da taka ba tare da ya kwafa ba, babu abin da za ka ce masa.

Sai sharaɗin asali. Dole taswirar ta zama ƙoƙarin tunanin mai ita, kuma kada ta zama abin da masu zane da masu ƙera cip suka saba yi a lokacin da aka zana ta. Idan ka harhaɗa sanannun guntaye, ana iya kare haɗin idan shi kansa haɗin sabo ne.

Mataki na biyu: kafin a zana layi ɗaya, a san mai abin

Wannan shi ne matakin da aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi jawo rigima daga baya. A dokar Amurka, taswirar da ma'aikaci ya zana a bakin aikinsa ta mai kamfani ce kai tsaye. Amma injiniyan da ka ɗauko daga waje a kan kwangila ba ma'aikacinka ba ne. Idan babu rubutacciyar takardar da ya sa wa hannu ya miƙa maka haƙƙin, to biyan kuɗin aiki kaɗai bai mayar da taswirar taka ba. Dokar ta ce miƙa haƙƙi sai a rubuce, da sa hannun mai shi. Haka lamarin yake da kamfanin zane da ka ba wa wani ɓangare, da jami'ar da kuka yi bincike tare, da abokin da kuka fara aikin kafin a kafa kamfani. Na ƙarshen nan shi ya fi zafi, domin a lokacin ana ganin neman sa hannu kamar rashin yarda ne.

Bayan mutane sai kayan aro. Babu cip na zamani da kamfani ɗaya ya zana kaf. Masana'antar da za ta buga maka cip, irin TSMC ko Samsung ko GlobalFoundries, ita ke ba ka kundin ƙa'idojin zanenta, sau da yawa har da ƙananan tubalan da'ira da aka riga aka zana. Zuciyar sarrafa bayanai wataƙila lasisi ka karɓo daga kamfanin Arm. Ma'ajiyar bayanai da mahaɗin USB daga wani ka saya. Duk waɗannan suna cikin taswirarka, amma ba naka ba ne. Ka buɗe jadawali tun ranar farko: kowane tubali, daga ina ya fito, a ƙarƙashin wane lasisi, an yarda ka gyara shi ko a'a, kuma idan ka gyara, gyaran na wa ne. Wasu lasisin suna cewa duk ingantawar da ka yi ta koma ga mai asali. Wannan jadawali za ka buƙace shi sau uku: lokacin cika fom ɗin rajista, lokacin da mai zuba jari zai binciki kamfanin, da lokacin shari'a.

Mai amfani da RISC-V, wato wani tsarin umarnin da zuciyar cip ke bi, ya lura da abu ɗaya. Tsarin umarnin, wanda aka fara a Jami'ar California da ke Berkeley a 2010, shi ne a buɗe ga kowa. Zuciyar da wani ya zana a kansa tana iya zama ta kyauta, tana iya zama ta kuɗi, kuma ko ta kyautar tana da sharuɗɗanta. A karanta su.

Mataki na uku: rufe sirri, kuma ka ajiye sawu

Kafin cip ya fito kasuwa, babbar garkuwarka ita ce dokar sirrin kasuwanci. Ba a yi mata rajista, ba ta da wa'adi, amma tana da sharaɗi mai tsauri: sai ka nuna cewa ka ɗauki matakan da suka dace don ɓoye abin. Haka dokar tarayya ta Amurka ta 2016 ta ce, haka umarnin Turai na wannan shekarar ya ce. A aikace ma'anarsa ita ce yarjejeniyar rufe sirri da duk wanda zai ga zanen, taƙaita waɗanda ke iya buɗe rumbun fayiloli, rubuta wanda ya sauke me da yaushe, da zama da duk ma'aikacin da zai bar aiki a tuna masa abin da ya sa wa hannu. Fayil ɗin ƙarshe da ake miƙa wa masana'anta, mai tsarin GDSII ko OASIS, shi ne cip ɗin gaba ɗaya. Wanda ya same shi ba ya buƙatar kwance komai.

Manyan shari'o'in wannan masana'anta ma a kan sirri aka yi su, ba a kan taswira ba. TSMC ta kai ƙarar kamfanin SMIC na Sin a 2003, suka sasanta a 2005 a kan dala miliyan 175. Rigimar ta sake tashi, suka sake sasantawa a 2009 a kan dala miliyan 200 haɗe da hannun jari. A 2020 kamfanin UMC na Taiwan ya amsa laifi a kotun Amurka game da sirrin Micron, aka ci shi tarar dala miliyan 60. A duka biyun zargin ya ta'allaƙa ne a kan ma'aikatan da suka sauya wurin aiki. Darasin yana da fuska biyu: ka tsare naka, kuma idan ka ɗauki injiniya daga wani kamfani ka tabbata bai shigo maka da fayilolin tsohon wurin aikinsa ba.

Sawun aiki kuwa shi ne tarihin zanenka: kowane gyara da ranarsa da sunan wanda ya yi, sakamakon gwaje-gwajen kwamfuta, zanukan da aka gwada aka watsar, bayanan taron bitar zane. Kada a share waɗanda suka gaza. Su ne ke nuna cewa hannu ne ya yi aikin, domin mai kwafi ba shi da tarihin kuskure.

Akwai wata tsohuwar dabara da har yanzu take da amfani: dasa alama a cikin taswira. Masu zanen cip ɗin Z80 na kamfanin Zilog sun sa wasu transistoci na tarko, waɗanda a hoto suke kamar sauran amma aikinsu daban, domin duk wanda ya kwafa da ido ya fitar da cip marar aiki. Injiniyoyin DEC kuma sun rubuta saƙon zolaya da Rashanci a jikin cip ɗinsu na CVAX, don masu kwafi a Tarayyar Sobiyet. Ba sai ka kai nan ba. Wata 'yar waya da ba ta zuwa ko'ina, ko wani lanƙwasa marar dalili a kusurwar da ba ta cutar da aiki, ta isa. Idan ta bayyana a cip ɗin wani, zai sha wuya wajen bayyana wa alƙali yadda tunaninsa ya kai shi can. Ka rubuta inda ka dasa ta da ranar, ka ajiye a wurin lauyanka.

Mataki na huɗu: fatent, kafin kowa ya buɗe baki

Idan a cikin cip ɗin akwai sabuwar da'ira, ko sabon tsarin transista, ko sabuwar hanyar ƙera shi, fatent ne kaɗai zai hana wani yin amfani da dabarar ko da ya zana tasa taswirar. Wa'adinsa shekara 20 daga ranar shigar da takarda. Matsalarsa ita ce lokaci. A Turai, duk abin da ya fita fili kafin ranar shigarwa ya kashe sabuntarsa, ko da kai ne ka fitar. Amurka tana ba da rangwamen shekara 1 ga abin da mai ƙirƙira ya bayyana da kansa, amma wannan rangwame ba ya bin ka zuwa Turai. Takardar bayanin cip da aka sa a intanet, ƙasidar da injiniyanka ya gabatar a taron masana cip na ISSCC, samfurin da aka miƙa wa mai saye ba tare da yarjejeniyar sirri ba, kowannensu na iya zama bayyanawa.

Don haka a shigar da takardar farko kafin komai ya fita. Daga ranar kana da wata 12 ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ka shiga wasu ƙasashe da wannan ranar ta farko, ko ka bi hanyar PCT, wato yarjejeniyar neman fatent a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, wadda a yawancin ƙasashe take ba ka har wata 30 kafin ka zaɓi inda za ka kashe kuɗi. Ka tuna ana wallafa takardar bayan wata 18, kowa ya karanta. A nan ake zaɓi, kuma ƙa'idar da nake ganin ta fi dacewa mai sauƙi ce: abin da za a gani idan aka kwance cip, a nema masa fatent, abin da ba ya barin alama a jikin cip, kamar zafin tanda da tsawon lokacin wani matakin ƙira ko dabarar gwaji, a bar shi sirri. Fatent a kan abin da ba za ka taɓa iya gano an sace ba, kyauta ce ka ba abokan gasa.

Rubutun da ake bayyana da'ira da shi, da harshen Verilog ko VHDL, da manhajar da ke zaune cikin cip, ana ɗaukarsu a ƙarƙashin haƙƙin mawallafi, wanda ke samuwa da zarar an rubuta. A shari'ar NEC da Intel a 1989 kotun Amurka ta amince cewa ƙananan umarnin da ke cikin cip suna samun wannan kariya, duk da cewa Intel ba ta ci shari'ar ba. Suna da tambarin da ake bugawa a bayan cip kuma a yi musu rajistar alamar kasuwanci. Ita ce makami a kan masu goge rubutun tsohon cip su buga naka.

Mataki na biyar: rajistar taswira

Fara da tantance ranar cinikin farko, domin a kanta komai ya rataya. Dokar Amurka ta ce cinikin farko shi ne rarraba cip ga jama'a don kasuwanci, a ko'ina a duniya. Tayin sayarwa ma yana shiga, amma sai idan a rubuce yake kuma an yi shi bayan taswirar ta riga ta zama cip. Wato wasiƙar farashi da sashen talla ya aika wa mai saye mako guda bayan samfuran farko sun iso tana iya zama ranar da aka fara lissafi, injiniyoyi da lauyoyi ba su sani ba. A tsarin Turai, abin da aka miƙa a ƙarƙashin sharaɗin sirri, ba tare da ya wuce zuwa ga wani na uku ba, ba a ƙirga shi a wannan lissafi. Tunda ƙasashe sun bambanta, ka ɗauki ranar da ta fi kowace wuri, ka yi aiki da ita. Mafi alheri ma kada ka jira shekara biyun. Ka shigar a watannin farko.

Sai zaɓen ƙasashe. Babu rajistar duniya, babu ma ta Turai baki ɗaya. Ƙasa-ƙasa ake bi. A Amurka ofishin haƙƙin mawallafi ne ke karɓa, da fom ɗin da ake kira MW. A Jamus ofishin fatent na DPMA ne, a Faransa INPI, a Sin CNIPA, a Japan cibiyar SOFTIC. Birtaniya da Ostireliya ba sa neman rajista, kariyar tana zuwa da kanta, amma hakan na nufin duk nauyin hujja yana kanka ranar shari'a. Ka duba wuri uku: inda ake buga cip ɗin, inda ake harhaɗa shi cikin na'urori, da inda ake sayar da na'urorin. Mai kwafi dole ya ratsa ɗaya daga cikinsu.

Abin da ake miƙawa a Amurka, idan an riga an fara ciniki, shi ne cip guda 4 irin waɗanda aka fara sayarwa, tare da hoton kowane hawa da ido zai iya gani, wanda aka faɗaɗa aƙalla sau 20. A nan ne mutane ke ja da baya, domin abin da aka ajiye a ofishin jama'a na iya dubawa. Ƙa'idar ta yi tanadi: ana iya ɓoye hawa 2 cikin kowane 5 idan suna ɗauke da sirrin kasuwanci, a miƙa wata shaida ta musamman a madadinsu. Zaɓen hawan da za a ɓoye aiki ne na injiniya da lauya tare. Idan ka ɓoye ainihin wurin da sabon aikinka yake, ka raunana hujjarka da hannunka.

A fom ɗin akwai gurbin bayyana gudummawarka. Nan jadawalin mataki na biyu zai yi aiki. Faɗi gaskiya: wane ɓangare ne sabo, wane ne na masana'anta ko na mai lasisi, wane ne ka ɗauko daga tsohon cip ɗinka. Wanda ya yi da'awar komai nasa ne yana ba lauyan abokin hamayya hanyar rushe rajistar. Ofishin ba ya binciken ko taswirar sabuwa ce da gaske, takardu kawai yake dubawa, shi ya sa rajistar take da sauri da araha idan aka kwatanta da fatent. Takardar shaidar da za a ba ka hujja ce ta farko a kotu, wadda ɗaya ɓangaren ke iya ƙaryatawa. A Amurka ba ka iya shigar da ƙara sai ka bi ta ofishin tukuna.

Kariyar shekara 10 ce. A Amurka ana lissafawa daga rajista ko cinikin farko, duk wanda ya riga, kuma tana kaiwa ƙarshen shekarar da wa'adin ya cika. A Turai da Sin akwai wani shinge: taswirar da aka zana aka ajiye, bayan shekara 15 ba ta samun kariya. Ba a sabunta wa'adi. Idan ka sake fasalin cip sosai, sabon ɓangaren yana buƙatar tasa rajistar.

Ka sa alama a jikin cip ko kwalinsa: harafin M cikin da'ira tare da sunan mai shi a Amurka, harafin T a Turai. Ba dole ba ne, amma za ka ga amfaninsa nan gaba kaɗan.

Akwai masu cewa wannan rajista ta tsufa, kuma suna da hujja. Cip mai transista biliyoyi, wanda aka zana daidai da ƙa'idojin masana'anta guda, hotonsa ba ya amfanar mai kwafi sosai, kuma kafin ya gama kwancewa an fitar da sabo. Shi ya sa shari'o'in taswira ba su da yawa. Amma ba duk cip ne haka ba. Masu sarrafa wutar baturi, masu ƙara ƙarfin sigina, masu auna zafi ko wutar mita, cip ne ƙanana masu hawa kaɗan, ana buga su da tsohuwar fasahar da masana'antu da yawa suka iya, suna shekara goma ko fiye a kasuwa, kuma ingancinsu yana cikin yadda aka jera su. Irin waɗannan su ake kwafa. Mai yin su da ya ƙi rajista don tsimin kuɗin fom, a ganina, bai yi lissafi ba.

Mataki na shida: idan ka ga mai kama da naka

Kada ka fara da wasiƙar barazana. Sayi cip ɗin da kake zargi daga kasuwa, ka ajiye rasiɗi, ka rubuta hannun da ya bi tun daga mai sayarwa har ɗakin gwaji. Ba wa ɗakin gwaji mai zaman kansa, irin TechInsights na Kanada, ya yi aikin. Za su narkar da baƙin rufin da asid, su kankare hawa ɗaya bayan ɗaya, su ɗauki hoton kowanne da madubin ilektron, su ɗinke hotunan su zama taswira. Sai a ɗora ta a kan taka. Abin nema shi ne kamanni a wuraren da ba dole ba ne su yi kama: inda akwai hanyoyi goma na jera abu amma ya zaɓi taka, da alamar da ka dasa.

Ka shirya jin amsar da kusan kowane wanda ake ƙara yake bayarwa: nazari na yi. Doka ta halatta a kwance cip ɗin wani, a ɗauki hotonsa, a fahimci yadda yake aiki, har a yi amfani da abin da aka koya wajen zana sabuwar taswira, muddin sabuwar ta zama ta asali. Da gangan aka bar wannan ƙofa, domin masana'antar ta saba da samun masu kawo kaya biyu ga abu ɗaya. Inda layin yake shi ne abin da ƙarar da kamfanin Brooktree ya kai kamfanin AMD ta nuna a 1992. AMD ta kawo tarin takardun da ke nuna lokaci da kuɗin da ta kashe wajen nazari, ta kuma ce ba dukan cip ɗin ne ya yi kama ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce tarin takardu hujja ce amma ba ta wanke mutum ita kaɗai, kuma kwafar wani muhimmin ɓangare ta isa laifi. Ɓangaren da ake magana a kai ƙaramin ɗakin ajiyar bayanai ne mai transista 10, wanda aka maimaita sau dubbai har ya cinye mafi yawan filin cip ɗin. Diyyar ta haura dala miliyan 25. A 2005, a shari'ar Altera da Clear Logic, wata kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara da cewa yadda aka jera manyan rukunonin da'ira a filin cip ma yana cikin abin da ake karewa, ba sai an kwafi transista ɗaya-ɗaya ba. Diyyar can ta haura dala miliyan 30.

Sai batun mai saye da bai sani ba. Kamfanin da ya sayi cip na kwafi ya sa a cikin na'urarsa ba tare da sanin komai ba, ba a bin sa komai a kan abin da ya sayar kafin labari ya iske shi. Bayan ya sani, yana iya ƙarar da kayan da ya riga ya saya, amma zai biya ka kuɗin lasisi daidai gwargwado a kan kowane ɗaya. A nan alamar M take aiki, domin a dokar Amurka hujja ce ta farko cewa an sanar da kariyar. A nan kuma rubutacciyar sanarwa ga masu shigo da kaya da masu harhaɗa na'urori take da muhimmanci: ranar da ta isa hannunsu ita ce ranar da uzurin rashin sani ya ƙare. Ka haɗa da lambar rajista da lambar cip ɗin da kake zargi, kuma lauya ya duba kalmomin, domin zargi marar tushe ga abokan cinikin wani na iya juyowa kanka.

Abin da za ka iya nema ya danganta da ƙasa. A Amurka akwai umarnin dakatarwa, da diyyar asarar da ka yi haɗe da ribar mai kwafi, ko kuma ka zaɓi diyyar da doka ta ƙayyade wadda ba ta wuce dala 250,000 a kan kowace taswira ba. Dole a shigar da ƙara cikin shekara 3 daga lokacin da haƙƙin ƙarar ya taso. Idan kayan daga waje suke shigowa, hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka, ITC, tana iya ba da umarnin a tare su a kwastam ƙarƙashin sashe na 337 na dokar harajin shigo da kaya. Ba ta ba da diyya, amma ta fi kotu sauri. Dokar taswira ta Amurka ba ta tanadi ɗauri ba, ta Japan da ta Indiya kuwa sun tanadi har shekara 3. A yawancin lokuta ba a shigar da da'awar taswira ita kaɗai: ana haɗa ta da ta fatent, da ta sirrin kasuwanci idan akwai tsohon ma'aikaci a tsakani, da ta saɓa kwangila idan fayil ɗin ta hannun wanda ya sa hannu a yarjejeniya ya fita.